Ganin Legas daga sama: rufin otal, gadar igiyar Lekki, ko jirgin Marina?

Mazaunin Legas ba ya rabuwa da baƙi. Wannan ya zo neman biza, wancan ya zo fito da kwantena daga Apapa, waccan ta zo sarin leshi da atamfa a Balogun, ga kuma mai jiran jirgin da sai gobe da dare zai tashi. Idan aka gama abin da ya kawo mutum, aka sami rarar yini guda, abin da baƙon Arewa ya fi roƙa shi ne a kai shi inda zai hango garin gaba ɗaya. Da gaskiyarsa. Bakano ya taso yana hawa Dala da Goron Dutse, Bazazzagi yana da Kufena, Bakatsine yana da hasumiyar Gobarau. A ganinsa kowane babban gari yana da inda ake hawa a nuna da yatsa a ce ga kasuwa can, ga fada can.

Legas kuwa a shimfiɗe take a bakin ruwa, babu dutse, babu tudun a zo a gani. Duk da yawan dogayen benayenta, ba ta da wata hasumiya da aka ware wa 'yan yawon buɗe ido irin ta Dubai, inda za ka yanki tikiti, lif ya cilla ka sama, ka kewaya ka sauko. NECOM House da ke Marina, mai hawa 32 da tsayin mita 160, wanda aka gama a 1979 kuma ya daɗe yana riƙe da kambun bene mafi tsayi a ƙasar nan, gidan ofisoshi ne. Ba a shigarsa don kallo. Saboda haka a Legas tsayi ba a sayar da shi kai tsaye, sai dai a haɗa maka shi da wani abu: ko ka biya kuɗin abinci a saman otal, ko ka biya da gwiwoyinka a gadar igiya ta Lekki, ko ka biya kuɗin jirgin ƙasa daga Marina. Ukun nan ba Legas ɗaya suke nunawa ba, shi ya sa ake yawan kai baƙo inda bai dace da shi ba.

Mu fara da wanda kowa ya fi gani a Instagram, wato saman otal da gidajen abincin da ke kan rufi a Victoria Island da Ikoyi da Lekki. Mafi daɗewa da suna a cikinsu shi ne Sky Restaurant da ke hawan ƙarshe na Eko Hotel, a titin Adetokunbo Ademola. Akwai wasu da dama, ana buɗewa ana rufewa ana sake suna, ta yadda wanda aka ba ka labarinsa bara ba lallai ka tarar da shi bana ba. Amma abin da za a gani daga sama bai dogara da sunan gidan ba. Ya dogara da ɓangaren da teburinka yake kallo, kuma wannan ne mutane ba sa tambaya.

Idan teburin yana kallon kudu, teku ce a gabanka, da jiragen ruwan dakon kaya a tsaye can nesa suna jiran layin shiga Apapa da Tin Can, kamar tankokin mai a Tafa. Tsakaninka da su ga Eko Atlantic, filin da aka cike da yashin teku, aka kare shi da katangar manyan tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne, katangar da aka tsara za ta kai kilomita 8.5. Wanda ya san Legas ta da, a nan zai yi shiru. Wurin nan shi ne Bar Beach, inda dubban 'yan Arewa suka fara ganin teku a rayuwarsu, inda kuma aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a farkon shekarun 1970. Yanzu titin Ahmadu Bello Way da igiyar ruwa ta sha mamayewa ya koma can ciki, teku ta yi masa nisa. Daga ƙasa ba za ka gane girman abin da aka yi ba, domin shinge da ƙofa kawai za ka gani. Daga sama ne za ka ga titunan da aka shata, da benaye 'yan kaɗan a tsaye, da fili fetal yana jiran masu kuɗi. A ra'ayina wannan kaɗai shi ne abin da rufin otal yake nunawa wanda babu wani wuri da zai nuna maka.

Teburin da ke kallon yamma ya fi kowanne tsada a wurin masu ɗaukar hoto, don ta can rana take faɗuwa, a kan mashigin tashar jiragen ruwa da Tarkwa Bay da ƙugiyoyin ɗaga kwantena na Apapa. Na arewa kuma yana kallon rafin Five Cowries da Ikoyi, ga ƙananan jiragen ruwan attajirai a ɗaure, ga gadar Lekki zuwa Ikoyi can ta gabas da doguwar hasumiyarta da wayoyin da ke riƙe da ita. Gadar ba ta da wani tsawo, kilomita 1.36 ce, Gwamna Fashola ya buɗe ta a 2013, amma ita ce ta zama hoton Legas a finafinai da bidiyon waƙoƙi, kuma matasan baƙi ita suke fara nema. Sai teburin da ba ya kallon komai, wanda ke tsakiyar ɗaki kusa da hanyar kicin. Shi ake ba wanda ya zo ba tare da ya kira ba. Kuɗin abincin duk ɗaya ne. Don haka a kira tun da rana, a ce teburin bakin taga ake so, a faɗi ɓangaren.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kusan duk waɗannan wuraren ana sayar da giya, wasu ma ita ce ainihin kasuwarsu, abincin rakiya ne. Akwai bambanci sosai tsakanin gidan abincin otal, inda ake zama da iyali a ci a tashi, da wuraren shaƙatawa na kan rufi da ke cika bayan ƙarfe tara na dare da kiɗa da hayaƙin shisha. Na farko za ka iya kai Alhaji da Hajiya da rana ko da yamma, su ci shinkafa da kifi, kwalba ta wuce ta teburin wani su kau da kai. Na biyu kuwa kada ka soma kai surukinka. Ko matashi ne, ka gaya masa gaskiyar yadda wurin yake tun daga gida, ya zaɓa da kansa. Akwai wanda ko kusa da inda ake shan giya ba ya zama, kuma bai kamata ya gano hakan sai bayan lif ya rufe ba. Ga wani ɗan abu da ba kowa ya sani ba: Chapman, jan lemon nan da ake miƙa wa duk wanda ya ce ba ya shan giya, bisa al'ada ana ɗiga masa Angostura, wanda shi kansa akwai barasa a cikinsa. Mai kiyayewa sai ya ce a haɗa masa ba tare da shi ba, ko ya tsaya a ruwan abarba ko kankana da aka matse.

Sai lokacin salla. Rana a Legas tana faɗuwa ne tsakanin wajen 6:25 a watan Nuwamba zuwa wajen 7:05 a watan Yuli, kuma duhu ba ya jira, cikin ɗan lokaci gari ya rufe. Wannan ɗan tsakanin, da sama ta yi ja fitilu suka fara kamawa, shi ne abin da aka biya kuɗi don a gani, shi ne kuma lokacin Magariba. Dabarar ita ce a iso da alwala wajen ƙarfe biyar bayan an yi La'asar, a ga garin da hasken rana, a ga faɗuwarta, sannan a sauka a yi salla, in ana so a dawo a ga fitilu. Wurin salla ba ya wuya a Victoria Island. 'Yan canjin da ke kewayen Eko Hotel mutanenmu ne, haka masu gadi da masu shayi na layukan da ke kusa, kuma ba a rasa tabarma da buta a wurinsu. Ka dai sanar da mai kawo abinci cewa za ku dawo, kada ku tarar an ba wasu teburin.

Batun shiga ma abin lura ne. Kaftani da hula, ko babbar riga, ko abaya, ba sa hana kowa shiga, sau da yawa ma girma suke jawowa. Abin da ke jawo matsala takalmi ne. Na ga an tsayar da wani ɗan kasuwa da zai iya sayen kujerun gidan gaba ɗaya, a ƙofar wani wurin cin abinci a Lekki, saboda silifas ɗin roba da ke ƙafarsa. Ƙaton da ke ƙofar bai kalli shaddar ba, ƙasa ya kalla.

Kuɗi kuwa, farashin da ke rubuce a takardar abinci ba shi ne abin da za ka biya ba. Za a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, a ɗora harajin jihar Legas na kashi 5 da ake karɓa a otal-otal da gidajen abinci, wurare da yawa kuma su ƙara nasu na hidima. Wasu suna da ƙa'idar mafi ƙarancin abin da kowane mutum zai kashe, musamman daren Juma'a da Asabar. Wani kawuna ɗan kasuwar hatsi, da aka kawo lissafi a irin wannan wuri, sai ya ciro tabarau ya bi layi-layi da yatsa, ya tsaya a kan kuɗin ruwan gora. Ya ce, "Kai ɗan nan, wannan na kwalba ɗaya ne ko na katan?" Na ce na ɗaya ne, Kawu. Ya ninke takardar ya ce, "To ai ba ruwan muka saya ba, tagar muka saya." Haka ne kuma. Wanda ya shiga da wannan fahimtar ba zai ji haushi ba, sai ya yi odar abu mai sauƙi, ya zauna sa'a biyu ya more tagarsa. Wanda zai kwana a otal ko ta halin ƙaƙa, ya fi masa ya nemi ɗaki a hawa na sama tun wajen kama ɗakin. Lagos Continental da ke titin Kofo Abayomi, wanda aka buɗe a 2013 da sunan InterContinental, hawa 23 gare shi, kuma mai ɗaki a can sama yana da tagarsa dare da rana, ba kiɗa, ba kwalbar kowa.

Idan tagar gilashi ce kuma dare ya yi, hoton waya yakan fito da fitilun ɗakin da fuskar mai ɗauka maimakon gari. A manna bakin kyamarar a jikin gilashin, a kashe filasha, a kare gefe da tafin hannu. Idan kuma rufin a buɗe yake, a riƙe hula da mayafi, iskar teku ba ta da kunya.

Gadar igiya ta Lekki Conservation Centre wani abu ne daban, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Gandun daji ne mai faɗin hekta 78 da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990, a kan babban titin Lekki zuwa Epe, daura da ofishin kamfanin mai na Chevron. A 2015 aka ƙara masa gadar da ke rataye a saman itatuwa, mai tsawon mita 401, wadda ƙololuwarta ta kai mita 22.5 daga ƙasa, kuma ana kiranta mafi tsawo irinta a Afirka. Mita 22.5 tsayin bene mai hawa bakwai ne ko kusa da haka. Daga can abin da za ka gani shi ne kan itatuwa, da fadama, da rufin rukunin gidajen Lekki da suka yi wa dajin zobe. Ba za ka ga Marina ba, ba za ka ga Apapa ba. Duk wanda ya ce wa baƙo zai kai shi can ya ga Legas, ya yi masa alƙawarin abin da babu.

Amma tana da abin da sauran ba su da shi. Nan ne kaɗai baƙo zai ga yadda ƙasar Lekki take kafin a cike ta da yashi a yanka fulotai: ruwa kwance baƙi ƙirin a ƙarƙashin tukurwa da kwakwar manja, ganye a kan ganye, zafi mai ɗanshi da ke jiƙa riga tun ba a yi nisa ba. Ga mutumin da ya taso a Gumel ko Illela, wannan kurmin kansa abin kallo ne. Ana bi ta wata doguwar hanyar katako da aka ɗaga a kan fadamar kafin a kai gindin gadar, birai suna bin mutane a kan dogarin hanyar. Kada a riƙe leda a hannu. Sun san ƙarar leda, sun san kwalbar lemo, kuma ba sa roƙo, fizgewa suke yi.

Ita gadar faɗinta na mutum ɗaya ne. Ƙarfe ne siriri a ƙarƙashin ƙafa, raga ta dama da hagu, igiya a kowane hannu. Tana lilo, kuma ba tafiyarka kaɗai ke kaɗa ta ba, har da ta wanda ke gabanka da na bayanka. An raba ta zango-zango, ana hutawa a kan hasumiya kafin a kama na gaba, ana hawa a hankali har ƙololuwa sannan a gangaro. Zangon farko kowa dariya yake yi. A na uku ne za ka ji wanda ya fi kowa cika baki a mota ya koma "Innalillahi" da "La haula", idonsa a kan ƙeyar na gabansa. Juyawa a tsakiya abu ne mai wuya, domin akwai mutane a bayanka, kuma babu wurin kaucewa. Saboda haka mai hawan jini, da mai jiri, da mai juna biyu, da dattijon da gwiwa ke damu, su zauna a ƙasa, ba abin kunya ba ne. Ƙananan yara ma ba a barinsu su hau. Akwai filin iyali a ciki mai rumfuna da tafkunan kifi inda za su jira. Mata su sa takalmi mara tsini, kambas ya fi, a kuma tattare abaya ko zani yadda ba zai riƙa kamawa ba, jaka a rataya ta a bar hannu biyu a sake. Kuɗin hawa gadar daban yake da kuɗin shiga gandun, kuma idan ana ruwa ba a hawa.

Ta fuskar natsuwa, nan ya fi saman otal nesa ba kusa ba: da rana ake yi, wuri ne na iyali da 'yan makaranta, ba mai kallon takalminka don ƙawa. Illarsa nisa. Wanda ya taso daga Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago sai ya ratsa garin kaf, ya haye ruwa, ya wuce Ikoyi ko Victoria Island, sannan ya kama titin Lekki da cunkosonsa. A ranar aiki tafiyar za ta iya cinye yinin. Safiyar Asabar da wuri ko safiyar Lahadi ita ce daidai, a isa kafin rana ta take kuma kafin layi ya yi tsawo, don da yamma ake rufewa, ba a ganin faɗuwar rana daga can. Kuma kada a sa rai da acaɓa idan hanya ta cushe, tun Yunin 2022 aka hana shi gaba ɗaya a ƙaramar hukumar Eti-Osa, wadda Victoria Island da Ikoyi da wannan yanki na Lekki suke ciki.

Na uku shi ne wanda ba a cika sa shi a lissafi ba, ni kuwa shi nake fara kai baƙo: jirgin ƙasa na Blue Line. Ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, tasha biyar: Marina, National Theatre, Iganmu, Alaba, Mile 2. Da lantarki yake tafiya, akwai sanyi a ciki, ana biya da katin Cowry, wanda shi ne dai na manyan bas-bas na BRT. Ɓangaren da ya shafe mu shi ne na farko, domin daga Marina jirgin a sama yake tafiya a kan ginshiƙai, ya bi gefen ruwa, ya tsallaka tafkin kusa da gadar Eko, ya sauka ɓangaren Iganmu. Tsayinsa bai kai na otal ba, ko kusa. Amma a tsakiyar abin yake ratsawa, ba daga gefe yake hange ba.

Tun daga kan dandamalin tashar Marina kallo ya fara. Ga NECOM House a kusa, ga jerin benayen bankuna, ga babbar majami'ar Cathedral, ga ruwa, ga Apapa a tsallake da jiragen ruwa a jingine ana sauke su. Idan jirgi ya tashi, ruwa yana hagu, tsibirin Legas yana dama. Kujerun a jikin bango suke, masu zama suna fuskantar juna, don haka mai son kallon tashar jiragen ruwa ya zauna a layin dama ya kalli tagar da ke gabansa, ko ya tsaya a bakin ƙofa. Ta ɓangaren tsibirin za ka leƙa kan rufin kasuwanni, ka ga ƙananan bas-bas na haya rawaya, wato danfo, sun cushe a Apongbon, masu dako da kaya a ka suna ratsa tsakaninsu, ka ga yadda gadoji suke hawa kan juna. Ana tsallake ruwa sai ga National Theatre, wanda aka gama a 1976 don bikin al'adun baƙar fata na FESTAC na 1977, da siffarsa ta hular soja, a tsakiyar fadama, a kusa ƙwarai. An sake masa suna zuwa na Wole Soyinka a 2024. Daga nan jirgin ya sauko ya bi tsakiyar titin Badagry, kallo ya ragu. Mai son gani kawai zai iya sauka a National Theatre ya juyo, ko ya ƙarasa Mile 2 ya dawo ya kalli ɗaya ɓangaren. A lura, tashar da ake kira Alaba a wannan layi ta Suru Alaba ce, ba Alaba Rago ko kasuwar kayan lantarki ba, waɗannan suna can gaba wajen Ojo.

Abin da ya sa na fifita shi ga baƙon Arewa, musamman ɗan kasuwa, shi ne Legas ɗin da yake nunawa ita ce wadda mutumin yake jin labarinta shekara da shekaru. Nan kwantenarsa take sauka, nan tirelar da ke kai masa kaya Kano take maƙalewa, nan kuɗin yake juyawa. Daga saman otal za ka ga inda masu kuɗin Legas suke kwana. Daga tagar jirgi za ka ga inda ake nemo kuɗin. Kuma abin da mutum ɗaya zai kashe a kan farantin abinci a Victoria Island ya isa ya kai iyali guda Mile 2 ya dawo da su, har a yi canji. Babu giya, babu mai duba takalmi, tsoho da yaro duk suna iya shiga. Idan aka sauka Marina, Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, mai hasumiya huɗu, wanda aka buɗe a 1988, ba shi da nisa, haka dandalin Tafawa Balewa inda aka ɗaga tutar 'yanci a 1960, da gidan tarihi na Onikan inda motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta a 1976 take ajiye. Mutumin Mile 12 ma BRT ɗaya zai hau ta sauke shi a wannan yanki.

Illarsa ita ce ba ya tsayawa don kai. Abin da ka gani ka gani, minti kaɗan ne ya wuce, kuma hoto ta gilashin jirgi mai tafiya ba ya kyau. Jirgin ma'aikata ne ba na 'yan kallo ba, saboda haka da sassafe da kuma bayan ƙarfe huɗu a cike yake, ƙeyar mutane kawai za ka kalla. A je tsakanin hantsi da Azahar. Ba wurin zama a yi hira ba ne, ba kuma inda ango zai kai amarya ya burge ta ba.

Akwai ƙananan hanyoyi da ba sai an tsara su ba. Gadar Third Mainland, mai kilomita 11.8, wadda Janar Babangida ya buɗe a 1990, tana nuna Makoko da gidajenta na katako a kan ruwa da kwale-kwalen masunta, ga Jami'ar Legas a bakin tafki, amma daga mota ne, ba a tsayawa. Gadar masu tafiya da ƙafa da ta haɗa tashoshin mota uku na Oshodi tana nuna tururuwar mutane kyauta, a dai riƙe waya da kyau. Mai zuwa ta jirgin sama daga Kano ko Abuja kuma ya nemi kujerar taga, don babu benen da zai ba shi abin da zai gani a mintunan ƙarshe kafin sauka Ikeja.

Yanayi yana iya ɓata duk wanda ka zaɓa. Disamba da Janairu, lokacin da baƙi suka fi yawa kuma wuraren shaƙatawa suka fi cika da tsada, su ne lokacin hazo. Hunturun da muka baro a gida yana biyo mu har bakin teku, sama ta yi fari, jiragen ruwan da ke nesa su ɓace, rana ta shige cikin ƙura tun kafin ta kai ƙasa. A irin wannan lokaci kuɗin saman otal da rana asara ne, gara a bari sai dare a kalli fitilu, ko a tafi Lekki, tunda itacen da ke gabanka hazo ba ya ɓoye shi. Yuni da Yuli kuma ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, rufin da ke buɗe ba ya zaunuwa, gadar igiya tana iya kasancewa a rufe, titunan Lekki su cika da ruwa. A nan jirgi ne kaɗai ba ruwansa. Garin ya fi fitowa tas washegarin ruwan sama, da kuma wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan damina ta ja baya kafin ƙura ta iso.

Idan baƙon dattijo ne ko ɗan kasuwa mai yini ɗaya, jirgin Marina da hantsi, Azahar a Babban Masallaci, a biya Onikan, a ƙare da tsiren Obalende. Idan matasa ne masu jini a jika, ko iyali da yaran da suka tasa, Lekki da safiyar Lahadi, amma a gaya musu daji za su gani ba gari ba. Saman otal na bar wa ango da amarya, da wanda ya san Bar Beach a da yake son ganin abin da ta zama, da kuma baƙon da ake son karramawa wanda aka tabbatar zaman wurin ba zai dame shi ba. Shi ma gidan abinci na otal, ba wurin kiɗa ba, a ranar da ba Juma'a ko Asabar ba, da teburin da aka kama tun da rana. Wanda kuma ya dage shi dutse yake so ya hau ya ga gari a ƙarƙashinsa yadda ya saba a Dala, to ba a Legas zai samu ba. Ya je tashar Mobolaji Johnson da ke Ebute Metta ya hau jirgin ƙasan Ibadan na safe, ya sauka Abeokuta, ya nemi dutsen Olumo mai mita 137, ya kuma tambayi lokacin jirgin dawowa tun kafin ya bar tasha.